Yadda Ake Raba Ragar Alwatika da Fitar da Mahaɗar Shimfiɗu Biyu a Manhajar Awon Ƙasa

Duk aikin da katafila za ta shiga, hanya ce ko dandamalin gini ko madatsar ruwa, tambaya biyu ake fara jefa wa safiyo: a ina yanka zai tsaya ciko ya kama, kuma kubik mita nawa ne kowannensu. Amsar duka biyun tana kan layi guda, wato inda ƙasar da Allah ya shimfiɗa ta haɗu da ƙasar da injiniya ya zana. Wannan layin shi ne mahaɗar shimfiɗu biyun. Manhaja tana fitar da layin nan cikin ƙiftawar ido, amma ba ta san Kaduna ba, ba ta taɓa taka filin ba. Abin da ka ba ta shi za ta yanka, ko daidai ne ko ba daidai ba. Wannan bayani na ƙannenmu ne da suka fito daga sashen safiyo na Kadpoly ko na ABU Zariya, waɗanda suka iya latsa maɓalli amma ba a zaunar da su an nuna musu abin da ke gudana a ƙarƙashi ba.

Za mu yi misali da fili mai hekta biyu, murabba'in mita 20,000 ke nan, a tsallaken kogi wajen Millennium City, wanda ya gangara zuwa wani ɗan rafi. Injiniya yana son a daidaita shi a tsayin mita 612.50. Sunayen umarni da zan kawo na Civil 3D ne, don shi ne ya fi yawa a ofisoshinmu, sai QGIS da Blender ga wanda ba shi da lasisi.

Abin da ragar take

Ɗigogin da ka ɗauko a fili kowanne yana da gabas, arewa da tsayi. Manhaja tana haɗa su uku-uku, kowane uku su ba da alwatika shimfiɗaɗɗiya, har su rufe filin ba tare da wata ta hau kan wata ba. Wannan ita ce ragar alwatika, wadda manhaja ke kira TIN. Ƙa'idar haɗawar ta Boris Delaunay ce, masanin lissafi ɗan Rasha da ya bayyana ta a 1934: idan ka zana da'irar da ta ratsa kusurwoyi uku na alwatika, kada wani ɗigo ya faɗo cikinta. Amfaninta shi ne tana guje wa siraran alwatikai gwargwadon hali. Yawan alwatikai kusan ninki biyu ne na yawan ɗigogi, don haka ɗigo 1,500 zai ba ka abin da ya kusa 3,000.

Abu biyu za ka riƙe. Na farko, ƙa'idar nan daga sama take kallon ɗigogi, gabas da arewa kawai, ba ruwanta da tsayi. Na biyu, wuri ɗaya tsayi ɗaya yake ɗauka, ba biyu ba. Yawancin ciwon kan da za ka gamu da shi a gaba daga ɗayan biyun nan ya taso.

Mataki na farko: tabbatar shimfiɗun biyu a duniya ɗaya suke

Kaduna tana cikin yanki na 32 na arewa a tsarin UTM, wanda ya raba duniya yanki-yanki don ba kowane wuri lambar gabas da arewa. Kodinet ɗin gari kuwa gabas wajen 330,000 ne, arewa wajen 1,160,000. Matsalar ita ce lambobin suna kama da juna ko a kan WGS 84 aka ɗauke su ko a kan Minna, waɗanda datom biyu ne, wato tushen da ake ɗora awon kodinet a kai. Na farko lambarsa EPSG:32632, na biyu EPSG:26332, tsakaninsu kuma akwai gwamman mitoci a ƙasa. Tsofaffin taswirori da yawa a kan Minna suke, wasu ma a kan tsarin bel na ƙasa, wanda ya raba Najeriya kashi uku, inda Kaduna ta faɗa bel na tsakiya. GPS ɗinka na yau kuwa, in ba ka sauya masa ba, WGS 84 zai ba ka. Ka tambayi wanda ya ba ka zanen a kan wanne ya yi aiki, sannan kada ka tsaya ga amsar baki: ɗauki ɗigo biyu ko uku da ke cikin fayilolin biyu, kamar kusurwar kwalbati ko fegin kankare, ka ga ko sun hau kan juna.

Tsayi ya fi wannan haɗari domin ido ba ya kama shi daga sama. Tsayin da GPS ke bayarwa kai tsaye daban yake da tsayi daga matakin teku, kuma a yankinmu bambancin ya kai wajen mita ashirin. Wannan babba ne, za ka gani. Wanda ke cin mutane shi ne ƙarami: bencimak biyu, wato alamomin da aka san tsayinsu ake fara awo daga kansu, da suka saɓa da santimita biyar. A filinmu 0.05 sau 20,000 kubik mita 1,000 ne, tifa ɗari ke nan in kowace tana ɗaukar goma. Don haka bencimak ɗaya za a yi aiki da shi daga farko har ƙarshe, a rubuta shi a kan zane.

Mataki na biyu: gyara ragar ƙasa kafin ka sa mata wuƙa

Nan ne aikin yake, kuma nan ne ake gaggawa. Shigo da ɗigogi, ka gina shimfiɗar, ka kunna ganin alwatikai, ba layukan kwantuwa kaɗai ba, waɗanda ke haɗa wurare masu tsayi ɗaya. Kwantuwa tana ɓoye aibi. Sai ka bi waɗannan a hankali.

Duba mafi tsayi da mafi ƙanƙanta a bayanan shimfiɗar. In filinka tsakanin 608 da 617 yake amma ka ga sifili, to akwai ɗigon da ya shigo ba tsayi, kuma ya haƙa maka rijiya mai zurfin mita ɗari shida a tsakiyar fili. In ka ga wani ya zarce 'yan'uwansa da mita biyu, wataƙila an manta an sauya tsawon sandar GPS, ko kan murfin rijiya aka ɗauka, ko kan suri. Cire ɗigogin da suka maimaitu a wuri ɗaya da tsayi daban.

Sai layukan gaɓa, waɗanda Civil 3D ke kira Breaklines. Tunda ƙa'idar Delaunay ba ta ganin tsayi, idan ta tarar da ɗigo a wannan bakin rafi da wani a wancan bakin, haɗa su za ta yi, alwatikar ta tsallake rafin kamar an ja tamfol a kan rami. Duk ƙasar da ya kamata a cike a cikin rafin ta ɓace daga lissafi. Maganinsa shi ne ka zana layi mai tsayi a kan bakin hagu, wani a gindin hagu, wani a tsakiyar rafi, haka a dama, ka shigar da su a matsayin layukan gaɓa. Manhaja za ta tilasta gefunan alwatikai su bi layukan, babu wadda za ta ƙetare. Haka za ka yi wa bakin hanya, lambatu, tsohon kududdufi, da kwazazzabon da ruwan damina ya ci. Kada layukan gaɓa biyu su gitta juna da tsayi daban. In sun gitta, manhaja za ta yi ƙorafi a akwatin saƙonni, ta zaɓi ɗaya ta watsar da ɗaya, kuma ba lallai ta zaɓi wanda kake so ba.

Daga nan iyaka. Raga tana cike duk wani lungu da ke tsakanin ɗigogin waje, har da inda ba ka auna ba, da dogayen alwatikai na ƙarya. Zana iyakar inda ƙafarka ta taka ka shigar da ita a matsayin Outer, ko ka ƙayyade tsawon gefen alwatika a saitin ginawa. In tazarar ɗigoginka mita goma ce, gefen da ya wuce mita talatin abin tuhuma ne. Inda ka ga alwatikai biyu sun kwanta saɓanin yadda ƙasa take, umarnin Swap Edge yana juya gefen da ke tsakaninsu. Ni dai ba na son yawan amfani da shi. In wuri ya buƙaci juyi fiye da 'yan kaɗan, layin gaɓa ne ya rasa.

Wata magana a kan jirgi maras matuƙi, tunda yanzu kowa shi yake so. Hotonsa saman abin da ya gani yake aunawa. A Kaduna daga Yuli zuwa Oktoba ciyawa ce da masara zai auna maka, ba ƙasa ba. In dole sai an tashe shi da damina, bi filin da GPS ka ɗauki ɗigogin gwaji a cikin ciyawar ka kwatanta. Bayanan SRTM na kyauta kuwa, wato tsayin ƙasa da aka auna daga sararin samaniya, masu tazarar mita talatin, na hangen nesa ne, ba a lissafa kuɗin ɗan kwangila da su.

Mataki na uku: shimfiɗar zane ta zarce ƙasa

Dandamalin 612.50 shi kaɗai ba ya isa. Daga bakinsa gangare zai tashi zuwa ƙasa a ɓangaren yanka, ya sauka zuwa ƙasa a ɓangaren ciko, bisa abin da injiniya ya rubuta, a ce ɗaya cikin biyu. A Civil 3D kayan Grading suna miƙa gangaren har ya taɓa shimfiɗar ƙasa da kansu. In da hannu kake yi, miƙa gangaren ya wuce inda kake zaton zai taɓa, ya huda ƙasa ya fita ta ɗaya gefen. Shimfiɗu biyu da suka tsaya dab da juna ba su ratsa ba, ba su da mahaɗa, kuma layinka zai fito da giɓi. Haka ma awon ƙasa ya zarce iyakar fili. Cikon mita uku a gangaren ɗaya cikin biyu yana cin mita shida a waje, fiye ma in ƙasar tana ci gaba da sauka. Wanda ya tsaya da awo a kan fegin iyaka sai ya sake komawa fili.

Mataki na huɗu: raba raga a kan layi

Ana raba raga saboda dalilai na yau da kullum: aikin kashi biyu ne kuma kowane ɗan kwangila da nasa, ko fayil ya yi wa kwamfuta nauyi, ko ana son cire wurin da gini zai zauna. Ga abin da ke faruwa ga alwatika ɗaya idan layi ya ratsa ta. In ya shiga ta gefe ɗaya ya fita ta wani, ana samun sababbin ɗigogi biyu a kan gefunan, tsayinsu kuma ana ciro shi daga tsayin kusurwoyin da ke bakin kowane gefe. Ɓangare ɗaya ƙaramar alwatika ce, ɗayan mai kusurwa huɗu, wanda dole a sake tsaga shi biyu. Ɗaya ta zama uku. In layin ta kan kusurwa ya shiga, biyu kawai za ta zama. Tunda sababbin ɗigogin a kan fuskar tsohuwar alwatikar suke, siffar ƙasa ba ta canja ko da milimita ba. Wannan shi ne rabo mai kyau.

Rabo maras kyau shi ne wanda manhaja ke jefar da duk alwatikar da layi ya taɓa, ta bar baki mai haƙora. A Civil 3D bambancin yana wurin akwati guda: lokacin da kake ƙara iyaka akwai zaɓin Non-destructive breakline. In ka sa masa alama, za a tsaga alwatikai daidai kan layin. In ba ka sa ba, haƙora za ka samu, kuma tsakanin kashi na ɗaya da na biyu akwai ƙasar da ba ta shiga lissafin kowa ba.

Yadda nake yi shi ne haka. Zana layin rabo sau ɗaya tak. Daga shi ka gina rufaffun iyakoki biyu, na gabas da na yamma, ta hanyar kwafe layin, ba sake zana shi ba, domin kusurwoyinsu su zama iri ɗaya sak. Ƙirƙiri sababbin shimfiɗu biyu babu komai a ciki, ka liƙa ragar asali a kowace da Paste Surface, sannan ka ba kowace iyakarta a matsayin Outer tare da alamar nan. Ragar asali ba a taɓa ta. In gobe an ƙaro ɗigogi, ita za ka gyara, 'ya'yan su bi. Akwai kuma Create Cropped Surface ga mai son yanki ya koma wani fayil daban. Don huda rami a tsakiya, kamar wurin tafki ko gini, iyakar Hide ake sakawa.

In layin rabon yana da lanƙwasa, raga ba ta san baka ba, gajerun miƙaƙƙun layuka take jerawa. Saitin Mid-ordinate distance shi ke faɗin iyakar tazarar da aka yarda tsakanin bakan gaskiya da miƙaƙƙen layin. In ya yi girma, shatale-tale zai koma mai kusurwa takwas. Santimita ɗaya zuwa biyar ya ishi aikin ƙasa, kuma lamba ɗaya za ka sa wa ɓangarorin biyu, in ba haka ba bakunansu ba za su haɗu ba.

Ga wanda ke yanka da hannu ko yake rubuta nasa lissafin, akwai tarko ɗaya. Gefen da ka sa wa sabon ɗigo alwatikai biyu ne suka mallake shi. In ka tsaga ɗaya ka bar maƙwabciyarta, ɗigon yana zaune a tsakiyar gefen da bai san da shi ba. Yau ba za ka ga komai ba, amma ranar da aka ɗaga ɗigon ko aka zagaye lambarsa, tsaga za ta buɗe, kwantuwa ta yanke a wurin.

Mataki na biyar: fitar da mahaɗa

Ka fahimci lissafin da hannu tukuna, don da shi za ka kama manhaja in ta kauce. A kowane wuri, cire tsayin ƙasa daga tsayin zane. In amsar ta haura sifili, ciko ne. In ta gaza, yanka ne. Ɗauki gefen alwatika mai tsawon mita 12. A bakinsa na farko ƙasa 613.10 take, bambanci −0.60. A ɗaya bakin ƙasa 612.20 take, bambanci +0.30. Alama ta juya, don haka mahaɗa tana kan gefen nan. Raba 0.60 da jimlar 0.90, ka sami biyu cikin uku, wato mita 8 daga bakin farko. Manhaja wannan take yi wa kowane gefe, ta haɗa ɗigogin sifilin su zama layi.

Sai dai kafin ta yi, dole ta ɗora ragar biyu a kan juna ta saka ɗigo a duk inda gefen wannan ya gitta gefen waccan. In ta tsaya ga ɗigogin raga ɗaya kawai, kaifin bakin dandamali zai faɗa tsakiyar wata babbar alwatikar ƙasa ya ɓace. Wannan ne bambancin TIN Volume Surface da lissafin da ake yi a kan murabba'ai.

A Civil 3D: ƙirƙiri TIN Volume Surface, ka sa ƙasa a matsayin Base, zane a matsayin Comparison. Kada ka juya su, in ka juya yanka zai koma ciko. A cikin Surface Properties, shafin Analysis, zaɓi User-Defined Contours, ka sa guda ɗaya a tsayin sifili, ka kunna ganinsa a salon shimfiɗar, sannan ka ciro shi da Extract Objects. Layin da ya fito tsayinsa sifili ne, don haka sai ka mayar da shi Feature Line ka ba shi tsayi daga shimfiɗar ƙasa, tare da yarda ya saka ɗigo a duk inda ya ƙetare gefen alwatika. Umarnin Minimum Distance Between Surfaces shi ma yana zana layin inda shimfiɗu biyu suka ratsa juna. Yi duka biyun ka ga ko sun hau kan juna.

A QGIS hanyar da ta fi sauƙi ta fiksel ce. Yi TIN interpolation ga kowace shimfiɗa, ka shigar da layukan gaɓa a matsayin Break lines, ka ba su faɗin wuri ɗaya da girman fiksel ɗaya. Rabin mita a filinmu fiksel 80,000 ne, ba nauyi. Cire ƙasa daga zane a Raster calculator, sannan ka gudanar da Contour da tazara mai girman gaske, kamar 1000, don layin sifili kaɗai ya fito. Layin ba zai kai na raga kaifi ba, amma in fiksel ƙanana ne ya ishi aiki.

Blender ba don safiyo aka yi shi ba, kuma yana da wani hali da ya kamata ka sani. Yana ajiye kodinet da lambobi masu daraja kusan bakwai kacal. A arewa 1,160,000 hakan na nufin ba ya iya bambanta wurare biyu da ke ƙasa da santimita 12.5 tsakaninsu, a gabas 330,000 kuma wajen santimita uku. Ragarka za ta koma matattakala, mahaɗa ta yi ta rawa. Kafin ka shigo da ita, cire 330,000 daga kowane gabas, 1,160,000 daga kowane arewa, ka rubuta lambobin a takarda don mayarwa. CloudCompare, wata manhajar sarrafa ɗigogi, shi da kansa yake tambayarka wannan lokacin buɗe fayil. Amsa masa da e, kuma ka ba fayilolin biyu lamba ɗaya. Bayan haka, a Blender, umarnin Boolean mai yanka abu da wani abu yana son abu rufaffe mai ciki da waje, raga kuwa fata ce kawai, don haka ko dai ka ja bakunanta ƙasa ka rufe gindin, ko ka haɗa ragar biyu a abu ɗaya ka yi amfani da Intersect na Knife da ke ƙarƙashin Face, wanda ke tsaga alwatikai a mahaɗa ba tare da ya cire komai ba. Don raba raga a miƙaƙƙen layi, Bisect ya wadatar.

In layin ya fito da datti

Ba kasafai yake fitowa tsaf ba. Giɓi yana nufin ɗaya shimfiɗar ta ƙare kafin su haɗu, sai ka koma mataki na uku. Ƙananan da'irori barkatai da layi mai zikzak suna fitowa ne a inda ƙasa da zane suka kusa zama ɗaya, bambancin yana yawo tsakanin santimita ɗaya sama da ɗaya ƙasa. Lissafin daidai ne, amma babu direban gireda da zai bi shi. A irin wurin nan fitar da kwantuwa biyu, ta +0.05 da ta −0.05, ka ɗauki abin da ke tsakaninsu a matsayin wurin share-share kawai, ka gaya wa injiniya. Inda fuskoki biyu suka kwanta kan juna sak, kamar in zane ya bi tsohuwar kwalta, babu layi sam, fili ne gaba ɗaya, kuma kowace manhaja da abin da take yi a nan. Cire wurin da iyaka tun farko ya fi.

Siraran alwatikai suna haihuwa a duk inda layi ya wuce dab da kusurwa. Ana iya haɗe ɗigogin da suka matsu, Merge by Distance a Blender, ko Weeding a Civil 3D, amma da ƙaramar lamba, milimita ɗaya zuwa biyar. In ka sa babba, bakin lambatu da gindinsa za su haɗe. Kuma ka ajiye layin asali, wanda aka tace na fegi ne kawai.

Mataki na shida: yawan ƙasa

Ƙasar da ke ƙarƙashin alwatika ɗaya faɗinta ne sau matsakaicin bambanci uku na kusurwoyinta. Murabba'in mita 50 da ciko 0.9, 0.6 da 0.3 ya ba da 30. Yanzu dubi wadda layin sifili ya ratsa: faɗi 60, kusurwoyi −0.60, +0.30, +0.30. Matsakaici sifili ne, ka ce babu aiki. Tsaga ta a kan layin ka gani. Ɓangaren yanka ya ci biyu cikin uku na gefuna biyu, faɗinsa huɗu cikin tara na 60, wato 26.67, sau 0.20, kubik mita 5.33 na yanka. Ɗaya ɓangaren 5.33 na ciko. Katafila za ta yanka, rola za ta danne, kowanne da farashinsa a takardar kwangila, amma lissafin da bai tsaga alwatikar ba ya haɗiye su duka. Tara irin wannan a tsawon layin gaba ɗaya ka ga abin da ake rigima a kai ranar biya. Saboda haka a rahoto kullum lamba uku ake rubutawa: yanka, ciko, da ragowa. Volumes Dashboard yana ba da su. A QGIS, Raster surface volume za ka gudanar sau biyu a matakin sifili, sau ɗaya na sama kaɗai, sau ɗaya na ƙasa kaɗai.

Kada ka manta da baƙar ƙasar sama da za a kwashe kafin ciko. In santimita 15 ce, kubik mita 3,000 ke nan a filinmu. Liƙa ragar ƙasa a sabuwar shimfiɗa, ka sauke ta da 0.15 ta Raise/Lower Surface, ka yi amfani da ita a matsayin Base. Layin sifili zai matsa, yanka ya ragu, ciko ya ƙaru. Sannan jar ƙasa tana kumbura in an haƙo ta, tana kuma shigewa in an danne ta, don haka kubik ɗin rami daban, na bayan tifa daban, na bayan rola daban. Lambar da za ka sa a Cut Factor da Fill Factor don gyara wannan bambancin daga ɗakin gwajin ƙasa za ta fito, ba daga bakin mai tifa ba.

Mataki na bakwai: ɗinke su, a gwada, a kai fili

Don samun siffar fili bayan an gama aiki, yanke shimfiɗar zane da layin mahaɗa na waje a matsayin iyakarta, ka ƙirƙiri sabuwar shimfiɗa, ka liƙa ƙasa da farko, zane daga baya. Na ƙarshe shi ke hawa kan na farko. In bakin zane bai zauna daidai kan ƙasa ba, za ka ga siraran alwatikai a tsaye suna zagaye da shi, alamar layin bai ɗauki tsayinsa daga ƙasa ba. Bangon tare ƙasa da lambatun kankare kuwa a miƙe suke, raga kuma ba ta ɗaukar tsayi biyu a wuri ɗaya. Layin gaɓa irin na Wall yana warware wannan ta hanyar gusar da gindin da ɗan ƙanƙanin abu daga saman. Da hannu, gusar da shi milimita biyar.

Gwaji uku nake yi kafin in sa hannu. Tara faɗin kashi na gabas da na yamma, dole su ba da faɗin ragar asali. Haka yankansu da cikonsu. Ja layin yanke-tsakiya uku ko huɗu, ɗaya ya bi ta rafin, ka duba da ido inda layukan biyu suka gitta ko ya dace da layin sifili. Sannan ɗauki gefe ɗaya ka yi lissafin nan na biyu cikin uku da kalkuleta.

Wajen miƙa aiki, fayil irin na LandXML ya fi fayil ɗin ɗigogi zalla, domin yana ɗauke da alwatikan kansu. In ɗigogi kawai ka aika, manhajar wancan ofishin za ta sake haɗa su yadda ta ga dama, layukan gaɓarka su tafi, lambarsu ta saɓa da taka. Rubuta datom, yankin UTM, bencimak da ranar awo a jikin zanen.

Ɗigogin layin mahaɗa kuma ka fitar da su kowace mita goma, ka ƙara a kan lanƙwasa, ka loda a GPS. Duk fegin da aka kafa, a auna tsayin ƙasa a gindinsa a kwatanta da na kwamfuta. In bambancin ya wuce abin da takardar aikin ta yarda a fegi uku a jere, a dakatar da katafila a wannan ɓangaren, a ƙaro ɗigogi, a shigar da su ragar asali, a sake fitar da layin.